Otto Jespersen, Baƙon da Ya Rubuta wa Ingilishi Nahawunsa

Ɗalibin da ya taso da Faransanci a makaranta, sannan ya zo koyon Ingilishi, akwai wani dutse da da wuya ya wuce bai yi tuntuɓe da shi ba. Faransanci ya saba masa da cewa bayan harafin jarri, wato ƴan ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban suna irin su *sans* da *pour* da *de*, aikatau yana zuwa ne tsurarsa: *sans manger*, *pour partir*. Sai ya kwashi wannan ɗabi'a ya kai ta Ingilishi, ya rubuta *without to eat*, malami ya ja masa jan alƙalami ya mayar da ita *without eating*. Da ya gane wannan, sai ya ci karo da *I look forward to seeing you*, inda *to* ɗin da ya sani abokin aikatau tsura ya rikiɗe ya zama harafin jarri. Sunan abin ma tarko ne, domin abin da nahawun Ingilishi ke kira *gerund* ba shi ne *gérondif* na Faransanci ba. Na Faransanci shi ne *en mangeant*, yana bayyana yanayi ko lokacin aiki. Na Ingilishi kuwa sunan aiki ne, ɗan'uwan ci da zuwa da karatu a Hausa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan ɗafa-ƙeya ta *-ing* cikin tarihi ba Bature ɗan Ingila ba ne. Shi ma a makaranta ya koyi Ingilishi, kuma Faransanci ne babban fannin digirinsa. Sunansa Otto Jespersen, mutumin Danmak. Harafin farko na sunan ana furta shi kamar *y* ɗinmu.

An haife shi ranar 16 ga Yuli 1860 a garin Randers, cikin gidan da aikin shari'a ya zama gado. Mahaifinsa alƙali ne, ya rasu a 1870 yaron yana da shekara goma, ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta bi. A Hillerød ya yi karatun sakandare, a can kuma ya karanta tarihin Rasmus Rask, masanin harsunan nan na Danmak, har abin ya shiga ransa ya kama koyon wasu harsuna shi kaɗai da littattafan Rask. Duk da haka, da ya shiga Jami'ar Kwapanhagan a 1877, shari'a ya ɗauka kamar iyayensa. Maraya ne marar dukiya, saboda haka yana karatu yana koyarwa, yana kuma aikin rubutun gaggawa a majalisar dokokin ƙasar, inda yake kwashe jawaban ƴan majalisa kamar yadda suke fitowa daga bakinsu. A ganina wannan aiki bai kamata a wuce shi da sauri ba. Wanda ya yi shekaru yana rubuta maganar manyan mutane masu ilimi ya san cewa abin da baki ke faɗa da abin da littafin nahawu ke umarta ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba.

A 1881 ya bar shari'a ya koma harsuna, ya kammala a 1887 da Faransanci a matsayin babban fanni, Ingilishi da Latin suna biye. Tun kafin ya gama ya riga ya shiga gwagwarmayar gyaran koyar da harsuna a Turai. A 1886 shi da August Western na Norwe da J. A. Lundell na Suwidin suka kafa ƙungiya mai suna Quousque Tandem, manufarta a daina koyar da rayayyun harsuna kamar matattu, a fara da furuci da magana kafin haddar ƙa'idoji da fassara. A wannan shekarar ce kuma ya ba Paul Passy na Faransa shawarar a yi haruffan furuci iri ɗaya da za su yi wa kowane harshe aiki. Haruffan da muke rubuta sautukan Hausa da Zabarmanci da Tamashek da su a ajin ilimin furuci, akwai hannunsa a tushensu.

Daga 1887 zuwa 1888 ya yi yawon neman ilimi a Ingila da Jamus da Faransa, ya saurari Henry Sweet, wanda ya yi masa tasiri mai zurfi. Malaminsa Vilhelm Thomsen ne ya ba shi shawarar ya karkata ga Ingilishi, domin kujerar wannan fanni za ta buɗe a jami'a. Ya bi shawarar. Kundin digirinsa na dakta, na 1891, a kan yadda Ingilishi ya zubar da yawancin ɗafe-ɗafen da a da suke nuna matsayin suna cikin jimla ya yi shi. A 1893 ya zama farfesan Ingilishi a Kwapanhagan, ya riƙe kujerar har 1925, ya kuma shugabanci jami'ar a zangon 1920 zuwa 1921.

Littattafansa suna da yawa, ba za mu tsaya kan kowanne ba. Shi ya raɗa wa babban sauyin dogayen wasulan Ingilishi sunan da ake kiransa da shi har yau. Nazarinsa na 1917 kan korewa shi ya nuna yadda kalmar korewa ke raunana, a ƙara mata mataimakiya, daga baya mataimakiyar ta gaje ta, kamar yadda *ne* na Faransanci ya zama *ne … pas*, yau kuma a bakin titi saura *pas* kaɗai. Östen Dahl ne ya sa wa wannan zagaye sunan Jespersen a 1979. Amma aikin rayuwarsa shi ne *A Modern English Grammar on Historical Principles*, juzu'i bakwai, na farko ya fito a 1909, na ƙarshe a 1949 bayan ba ya duniya. Hanyar aikinsa mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi. Yakan karanta marubutan Ingilishi tun daga Chaucer har zuwa na zamaninsa, duk jimlar da ta ja hankalinsa ya kwafe ta a ƴar takarda tare da shafinta, ya jera takardun bisa batu. Ƙa'ida ba ta zuwa sai bayan misalai sun taru. Inda misalai suka ƙi bin ƙa'ida, ƙa'idar yake tuhuma.

Da wannan hanya ya bi tarihin *-ing*. A tsohon Ingilishi abubuwa biyu ne daban. Akwai ɗafa-ƙeya *-ung* ko *-ing* da ke ƙera suna daga aikatau, suna na sosai, wanda ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye. Akwai kuma *-ende*, wadda ke ƙera sifa mai nuna aiki yana gudana. A zamanin Ingilishi na tsakiya furucinsu ya haɗe, duka biyun suka koma *-ing*. Daga nan sunan aikin ya riƙa aron halayen aikatau ɗaya bayan ɗaya: ya karɓi bayanau, ya karɓi karɓau ba tare da *of* ba, wajen ƙarshen ƙarni na 16 har ya sami siffofi irin *having written* da *being written*. Abin da bai saki ba shi ne gurbin suna cikin jimla. To, tun da harafin jarri a Ingilishi suna yake nema a gabansa, siffar aikatau da ta dace da wannan gurbi ita ce mai *-ing*. Nan ne asalin *without eating*. Haka kuma *to* na *look forward to* da *object to* da *be used to* harafin jarri ne na gaske, shaida kuwa ita ce ana iya sa suna zalla bayansa: *I am used to the heat*, saboda haka *I am used to walking*. A *I used to walk* kuwa ba a iya sa suna a wurin, domin wannan *to* ɗin na aikatau tsura ne. Gwajin ke nan, kuma ya fi haddar jeri amfani.

Mai jin Hausa yana da wata dama a nan da ɗan Faransa ba shi da ita. Muna cewa ya gaji da karatun littafi, muna kuma cewa ya gaji da karanta littafin. A ta farko karatu suna ne, sai da ƴar mahaɗin nan *-n* ya kama abin da ke biye. A ta biyu karanta ya ɗauki karɓaunsa kai tsaye kamar kowane aikatau, amma duk yankin yana zaune a gurbin suna bayan *da*. Kusan bambancin ke nan tsakanin *the reading of the book* da *reading the book*. A ƙarni na 17 da na 18 marubutan Ingilishi suna cuɗanya biyun, su sa *the* ba *of*, ko *of* ba *the*, har Robert Lowth ya yi tir da cuɗanyar a nahawunsa na 1762. Jespersen ya kuma yi ra'ayin cewa sigar aiki mai ci irin *he was hunting* ta sami ƙarfi ne daga wata tsohuwar siga mai harafin jarri, *on hunting*, wadda ta sassaƙe ta zama *a-hunting*, daga baya *a* ɗin ya faɗi. Masana ba su haɗu a kan wannan ba har yanzu. Amma wanda ya san cewa mu ma sunan aiki muke sawa bayan *yana*, mu ce yana zuwa, yana farauta, ba zai ga ra'ayin baƙo ba.

A littafinsa *The Philosophy of Grammar* na 1924 ya shimfiɗa tunanin da ke ƙarƙashin wannan duka. Ya ce kalmomi cikin yanki suna da daraja hawa uku. In muka ce doki fari fat, doki ne na hawan farko, fari yana bayyana shi, fat kuma yana bayyana fari. Sannan ya raba haɗuwar kalmomi gida biyu. Akwai wadda ke ba da hoto ɗaya tsayayye, kamar farin doki. Akwai kuma wadda ke ƙulla abu biyu, mai aiki da aikinsa, kamar Audu ya zo. Wannan ita ya kira *nexus*, mu ce ƙulli. Muhimmin abin da ya gano shi ne ƙulli ba sai cikin cikakkiyar jimla yake zama ba. Zuwan Audu siffar yankin suna gare shi, amma a cikinsa akwai mai zuwa da zuwansa, wato jimla ce a naɗe. Haka ya duba harafin jarri da ido sabo. Ya lura cewa *before* kalma ɗaya ce a *I saw him before*, da *before noon*, da *before he left*, ko da yake nahawun gargajiya ya ba ta suna uku: bayanau, harafin jarri, mahaɗi. A wurinsa bambancin bai wuce na aikatau da wani lokaci ke ɗaukar karɓau, wani lokaci ya tsaya shi kaɗai ba. Babban nahawun Ingilishi na Huddleston da Pullum, na 2002, ya ɗauki wannan ra'ayi ya gina a kai.

Wannan tunani na ƙulli shi ya kai shi ga sa-in-sa da Henry Watson Fowler. Fowler tsohon malamin makaranta ne da ya yi shekara 17 yana koyarwa a Sedbergh, ya ƙware a Latin da Girkanci, shi da ƙanensa suka wallafa *The King's English* a 1906, a 1926 kuma ya fitar da *A Dictionary of Modern English Usage*, wanda ƴan boko na Ingila suka mayar alƙalin rubutu. Tambayar ita ce: in sunan aiki yana da mai aikinsa, wace siffa mai aikin zai ɗauka? Shin *I object to Musa's coming* za a ce, da alamar mallaka, ko *I object to Musa coming*? Fowler ya tsaya kan ta farko. Hujjarsa ita ce ta biyun ba ta fasuwa: in *coming* suna ne, Musa ba shi da abin da ya haɗa shi da shi, in kuma sifa ce, to Musa ake ƙi ke nan ba zuwansa ba. Ya raɗa wa sigar suna mai nufin sifa da ta narke cikin suna, ya ɗauke ta cuta mai yaɗuwa a jaridu, ya sake kai mata hari a 1925 cikin ƙasidun ƙungiyar tsarkake Ingilishi da mawaƙi Robert Bridges ya kafa a 1913.

Jespersen ya mayar da martani a ƙasida ta 25 ta ƙungiyar, a 1926. Ya buɗe taskar takardunsa ya fito da misalai daga manyan marubutan Ingila na ƙarnuka, waɗanda ba mai cewa ba su iya harshensu ba. Ya nuna wuraren da alamar mallaka ba ta shiga ko an so: ba mai cewa *that's happening* a *no chance of that happening*, ba inda za a liƙa ta a *he insisted on there being a witness*, yanki mai tsawo kamar *without anyone in the room noticing* yakan yi nauyi da ita. A jam'i kuwa kunne ba ya bambanta *boys* da *boys'*, wannan ma ya taimaka wa sigar ta bazu. Game da zancen rashin fasuwa, amsarsa ita ce harafin jarrin ba Musa kaɗai yake mulka ba, ba kuma *coming* kaɗai ba, ƙullin duka yake mulka. In ma'aunin Latin ya kasa auna wata sigar Ingilishi, gazawar ta ma'auni ce. Ya kuma siffanta Fowler da mai yi wa nahawu wa'azi bisa abin da ransa ya raya masa. Maganar ta yi wa Fowler zafi, ya rama a ƙasida ta gaba a 1927, yana mai cewa yawan misalai ba ya mayar da kuskure daidai, kuma aikinsa shi ne ya nuna wa marubuci abin da ya fi tsabta, ba ya ƙirga abin da aka taɓa rubutawa ba. Ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa har Fowler ya rasu a 1933.

Kunnen Bahaushe, in aka bar shi, Fowler zai mara wa baya, domin mu zuwan Audu muke cewa, ba mu da hanyar jefar da *-n*. Sai dai wannan hukuncin Hausa ne, ba hujja ba ce a kan Ingilishi. Wanda ya kafa ta hujja ya maimaita abin da Fowler ya yi da Latin. Abin da bincike ya tabbatar daga baya ya fi kusa da Jespersen: siga marar mallaka ita ta fi yawa a magana, musamman bayan harafin jarri, mai mallakar kuma ta fi zama a rubutu mai nauyi, da wakilin suna, da farkon jimla, kamar *his leaving early surprised us*. Amma a yi wa Fowler adalci. Ba makahon mai ƙa'ida ba ne. Kan tsohuwar dokar nan da ta hana rufe jimla da harafin jarri, wadda ake dangantawa da John Dryden tun 1672, shi ma camfi ya ɗauke ta, shi da Jespersen bakinsu ɗaya. Kuma tambayar da ke damunsa, wato me za a gaya wa mai rubutu da ke son a ce masa yi kaza, tambaya ce ta gaske wadda tarin misalai kaɗai ba ya amsawa. Duk wanda ya taɓa zama a taron daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, ko ya ji gardamar Sakkwatanci da Kananci da Damagaranci wanne ne daidai, ya san mutanen nan biyu suna nan da ransu cikin kowane zaure.

Akwai ɓangaren Jespersen da ba ya karantuwa yau sai da ɗaure fuska. Tun littafinsa *Progress in Language* na 1894 ya yi imani cewa harsuna suna ci gaba, kuma wanda ya zubar da ɗafe-ɗafe ya dogara ga jerin kalmomi ya fi wanda ya riƙe su. Ya yi hakan ne don ya rushe ra'ayin masanan Jamus na ƙarni na 19 da ke ganin sauyin harshe lalacewa ce, kuma a nan ya yi aiki mai kyau. Amma ma'aunin ya bar Ingilishi a saman tsani. A *Growth and Structure of the English Language* na 1905 ya siffanta Ingilishi da harshen maza, ya kwatanta shi da harshen Hawai mai yawan wasula, ya ga yarinta a na biyun. Harshe irin namu, da kusan kowace kalma ke ƙarewa da wasali, ba zai tsira daga wannan hukunci ba. Babin da ya ware wa maganar mata a littafinsa *Language* na 1922, inda ya ce kalmominsu ba su kai na maza yawa ba, jimlolinsu kuma ba su kai zurfi ba, ya zama misalin da masu nazarin harshe da jinsi ke fara kawowa in suna nuna yadda son zuciya ke shiga ilimi. Abin lura shi ne a waɗannan wurare ne ya bar hanyarsa ta tara shaida, ya yi abin da ya zargi Fowler da shi.

Ya kuma ba da shekaru ga neman harshen duniya na ƙirƙira. Yana cikin kwamitin 1907 da ya haifar da Ido daga Esperanto, a 1928 kuma ya fito da nasa, Novial, wanda bai yi nisa ba bayan mai shi.

Ritayar 1925 ba ta rage masa aiki ba. *Essentials of English Grammar* ya fito a 1933, *Analytic Syntax* a 1937, inda ya gwada rubuta ginin jimla da alamomi kamar lissafi, abin da ya sa masu nahawun zamani, har da Noam Chomsky, suke ambatonsa da girmamawa. A shekarar ce matarsa Ane Marie Djørup, wadda ya aura a 1897, ta rasu. A 1938 ya wallafa tarihin rayuwarsa da harshen Danmak. Juzu'ai huɗu na farko na babban nahawun a Heidelberg ta Jamus aka buga su. Na biyar, wanda ya ƙunshi cikakken bayanin ƙulli da sunan aiki mai *-ing*, a Kwapanhagan ya fito a 1940, shekarar da sojojin Jamus suka mamaye Danmak. Na shida ya fito a 1942 da taimakon almajiransa uku, Niels Haislund da Knud Schibsbye da Paul Christophersen, wanda daga baya ya koyar da Ingilishi a jami'ar Ibadan.

Jespersen ya rasu a Roskilde ranar 30 ga Afrilu 1943 yana da shekara 82, ƙasarsa tana hannun mamaya. Haislund ne ya tattara takardun da ya bari, ya kammala juzu'i na bakwai, aka buga shi a 1949.